Gumin yatsa ko bugun zuciya: wanne za a auna yayin gwajin tawada a Marwa?

Wata ƙanwata a karatu, ɗalibar ilimin halayyar ɗan Adam da ke shirin rubuta kundin mastarta, ta same ni a unguwar Domayo da ke Marwa, a arewacin Kamaru, bayan la'asar da takarda a hannu. Malaminta ya amince ta yi aiki a kan abin da jiki ke nunawa lokacin da ake yi wa mutum gwajin tawada. Kuɗin da ta tara ba za su sayi na'ura biyu ba. Ta ce, "Yaya, ta gumi zan saya ko ta zuciya?" Amsar da na ba ta a ranar gajeriya ce, ni kaina ban gamsu da ita ba. Ga cikakkiyar, don ita da duk wanda ke tsaye a wannan mararrabar a Marwa, Garwa ko Injamena.

Ga wanda bai san gwajin ba: wani likita ɗan Suwizalan, Hermann Rorschach, ya fitar da katuna goma a 1921, kowane da zanen tawadar da aka ɗiga aka ninke takarda. Biyar baƙi da toka-toka ne, biyu akwai ja a cikinsu, uku na ƙarshe launuka ne kala-kala. Ana miƙa wa mutum kati a ce, me wannan zai iya zama? Ɗan'uwansa shi ne gwajin TAT da Christiana Morgan da Henry Murray suka fito da shi a Amurka a 1935, inda ake nuna hoto a ce ka ƙago labari a kansa. Tunanin da ke bayansu ɗaya ne: idan abu ba shi da takamaimiyar siffa, abin da ke ranka shi za ka zuba a kansa. A jami'o'inmu masu karatu da Faransanci, yawanci fassarar malaman Faris ake koyarwa, irin ta Nina Rausch de Traubenberg da Catherine Chabert, kuma a can ana yawan maganar "girgiza": wai mutum ya ga kati ya yi turus, ya daɗe bai ce komai ba, ko ya mayar da katin. Matsalar ita ce wa ya ce ya girgiza? Mai gwajin ne ya gani da idonsa. Wani ya zauna a kujerar, ya ce shi bai ga komai ba. Daga nan sha'awar sa na'ura ta taso, kuma ba sabuwar sha'awa ba ce. Tun 1907 Carl Jung da Frederick Peterson suka wallafa aikin da suka yi a Zurik, suna karanta wa mutane kalmomi alhali an haɗa hannayensu da ma'aunin lantarki, ana kuma bin numfashinsu.

Bari in fara da gumi, don shi ne wanda na fi sani, kuma shi ya fi ba ni wahala.

Tafin hannu da yatsu cike suke da ƙofofin gumi, kuma waɗannan ƙofofin umarni suke karɓa daga rukuni ɗaya na jijiyoyi, wato wanda ke tayar da jiki idan an ji tsoro, kunya, fushi ko murna. Da ran mutum ya motsa, gumi kan taso cikin ƙofofin tun kafin hannu ya ji laima, sai fata ta fi saurin wuce da lantarki. Charles Féré a Faransa ya lura da haka a 1888, Ivan Tarchanoff a Rasha ya biyo baya ba da daɗewa ba. A yau ana manna 'yan ƙarafa biyu a yatsu biyu, a saki lantarki rabin bolt wanda ba a ko jin sa, a auna da ma'aunin da ake kira maikurosimens. Fatar mutum a zaune takan tsaya tsakanin 2 da 20. Idan abu ya taɓa shi, layin kan yi tsalle bayan daƙiƙa ɗaya zuwa uku, sannan ya gangaro a hankali. Wannan saurin shi ne babbar falalarsa. Ka faɗi kalma, ka ƙirga uku, ka ga amsa a allo. Falala ta biyu, mutum ba ya iya hana shi cikin sauƙi. Dattijon da ya koyi haɗiye komai, fuskarsa kamar dutse, yatsansa bai koyi wannan kawaicin ba.

To amma littattafan da suka koya mana wannan an rubuta su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 22 zuwa 24 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin Marwa kan haura 40. Wanda ya sauko daga babur da azahar, gumin da ke jikinsa na sanyaya jiki ne, ba na motsin rai ba, kuma na'ura ba ta san bambanci ba. Na tuna wata rana a watan Afrilu, ina gwada na'urar da wani abokina ya haɗa min a kan Arduino, wani ƙaramin allon lantarki mai araha da ake haɗa na'urori a kansa. Muna cikin wani ofis da aka ara mana mai na'urar sanyi, komai na tafiya daidai har kati na huɗu, sai aka ɗauke wuta. Kwamfutar na kan batir, ba ta mutu ba. Na ci gaba. Layin ya fara hawa a hankali, yana hawa, har muka kai katunan masu launi yana can sama. Da ban san abin da ya faru ba, da na rubuta cewa launuka sun tayar wa bawan Allah hankali. Ɗakin ne kawai ya koma tanda.

Hunturu kuma nasa salon daban. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska ta bushe, fata ta yi kaushi, safiya da sanyi, yatsu su ƙandare, layin ya kwanta kamar ba rai. Mutane kuma sun shafa basilin ko man kaɗanya, wanda ke shiga tsakanin fata da ƙarfe. Ga kanta: manomi, mai dako, matar da ke daka da surfe, fatar yatsunsu ta yi kauri. Wani mai tura ruwa da ya yarda ya zauna mana, na tafa hannu da ƙarfi a bayansa don in ga ko na'urar na aiki, ya zabura har hularsa ta faɗi, layin ko gezau. Sai da na mayar da ƙarafan gefen tafin hannu, wajen tudun ɗan ƙaramin yatsa, sannan ya fara motsi kaɗan. Ko a Turai ma ana ƙiyasta cewa wajen mutum ɗaya cikin goma fatarsa ba ta nuna amsa. An kuma daɗe da lura a Amurka cewa a jimlace ma'aunin baƙar fata kan fito ƙasa da na farar fata. Saboda haka duk wanda ya ɗauko iyakar da aka sa a wani littafi ya ce wanda bai kai ta ba a cire shi, zai iya wayar gari ya zubar da mutanensa da yawa ba gaira ba dalili.

Akwai kuma alwala. Wanda ya wanke hannu yanzu da wanda ya yi awa uku bai taɓa ruwa ba, fatarsu ba ɗaya ba ce. Maganin wannan mai sauƙi ne: kowa ya ɗauraye hannu da ruwa zalla ba sabulu, ya zauna minti goma ko sha biyar a ɗakin kafin a fara. Abu ɗaya da al'adarmu ta sauƙaƙa: ana manna ƙarafan ne a hannun da mutum ba ya aiki da shi, galibi hagu, kuma da ma can ba wanda zai karɓi kati daga hannun malami da hagu.

Yanzu zuciya. Ita linzami biyu ne a bakinta: jijiyoyin da ke zaburar da ita, da waɗanda ke ja mata birki. Wannan ya sa labarinta ya fi na gumi yawa, ya kuma fi wuyar karantawa. Mutum a zaune zuciyarsa na bugawa tsakanin 60 da 100 a minti. Mai tsammanin duk abin da ya taɓa rai zai ƙara bugun, zai sha mamaki, don idan mutum ya zuba wa sabon hoto ido yana nazari, bugun kan ɗan ragu ne a daƙiƙun farko. Idan ya fara laluben abin faɗi, ko tsoro ya kama shi, sai ya ƙaru. Ga kuma numfashi: duk shaƙar iska na ɗan ƙara gudun zuciya, fitar da ita na rage shi. Masu auna bambancin tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, wanda ke nuna yadda jiki ke iya kwantar da kansa, ƙa'idar da ƙwararru suka fitar a 1996 ta tsaya ne a kan ɗaukar minti biyar. Kati ɗaya na Rorschach sau da yawa ba ya kai minti biyu a hannun mutum. Ke nan zuciya ba za ta gaya maka wane kati ne ya sosa shi ba. Abin da take iya gaya maka shi ne yadda yake kafin gwaji, da lokacin gwaji, da bayansa.

Amma wajen jure yanayinmu, zuciya ta yi wa gumi fintinkau. Ɗamarar ƙirji irin Polar H10 ba ta damu da kantar hannu ko man shafawa a yatsa ba, laima ma taimaka mata take yi. Tana aiki da ƙaramin batir irin na agogo, tana tura bayani zuwa wayar hannu ta Bluetooth, kuɗinta bai kai sefa dubu ɗari ba. Na'urorin gumi na kirki, irin Shimmer ko BITalino, sun fi haka tsada, kuma sai an yi odarsu daga Turai, ga kuɗin kwastan, ga man da ake shafa wa ƙarafan wanda idan ya ƙare ba a kasuwar Marwa za ka same shi ba. Cikakken kayan Biopac da manyan ɗakunan bincike ke amfani da shi kuwa maganar miliyoyi ce. Ta Arduino mai araha tana da kyau don koyo, amma lambobin da take bayarwa ba a daidaita su da ma'aunin kowa ba, kuma ranar kare kundi wani malami zai tambaya.

Inda ɗamara ke tuntuɓe a wurinmu ba a littafi yake ba. Dole ta taɓa fata, a ƙarƙashin ƙirji, cikin riga. Namiji ba zai ɗaura wa matar aure ba, mace ba za ta ɗaura wa magidanci ba. Sai dai a nuna wa mutum yadda ake yi a kan hoto, a ba shi ɗaki ya sa da kansa, kuma wasu duk da haka za su ce a'a. Mai son kauce wa wannan sai ya koma ɗan abin da ake maƙala wa a yatsa ko agogon hannu, masu ƙirga bugu da haske. Waɗannan ba su kai ɗamara daidaito ba, motsi kaɗan ke rikita su, kuma baƙin lalle a yatsa na iya tare hasken. Wanda zai yi aiki da mata bayan sallah ko lokacin bukukuwa ya san abin da ke jiran sa. Zafi ma ba ya barin zuciya sarai, yana ƙara mata gudu, haka goro da shayi mai kauri da sigari. A tambayi kowa abin da ya ci ko ya sha a awanni biyun da suka wuce, a rubuta. A azumi kuwa gara a ajiye aikin gaba ɗaya, ko a yi wa kowa a cikinsa a lokaci guda na yini.

Sai babban abin da ya kamata ya yanke hukunci, wanda ban gaya wa ƙanwata ba a ranar. Tambayar ba wace na'ura ce ta fi kyau ba, wane gwaji ne za a haɗa ta da shi. Rorschach da TAT gwaje-gwajen magana ne. Mutum na riƙe da kati, yana juya shi, yana nuni da yatsa, yana dariya, yana jan dogon numfashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na sa layin gumi tsalle, yana kuma canza bugun zuciya. Idan ya ce "na ga jini" layin ya tashi, jinin ne ya tayar da shi ko buɗe bakin? Wurin da kawai yake da tsabta shi ne 'yan daƙiƙun da ke tsakanin karɓar kati da kalmar farko. Kuma katunan Rorschach a jere ɗaya ake ba da su kullum, daga na 1 zuwa na 10. Fata kan amsa da ƙarfi ga abu na farko, sannan ta saba, ta riƙa raguwa. Kati na 2 shi ne ja na farko, na 8 shi ne mai launuka na farko. Idan layi ya tashi a na 8, ba ka da hanyar sanin ko launi ne ya taɓa zuciya ko kuwa sauyi ne kawai bayan katuna huɗu masu toka-toka. Masu bincike a Amurka a shekarun 1940 da 1950 sun buga katunan ba launi suka gwada, suka tarar da yawancin alamomin da ake kira girgizar launi suna nan daram.

Gwajin kalmomi na Jung ba shi da yawancin waɗannan matsalolin, kuma a ganina shi ne abokin tafiyar ma'aunin gumi na asali. Kalmomi ɗari ne a jerinsa, yana farawa da irin su kai, kore, ruwa. Ka faɗi kalma, mutum ya mayar da kalmar farko da ta zo masa, ka jira layi ya sauko, ka faɗi ta gaba. Ba kati a hannu, ba dogon labari. Kana iya jujjuya jerin yadda kake so. Kuma ba ka buƙatar hotunan Turawa. Hotunan TAT na mutanen Amurka ne na wancan zamani, na farko yaro ne ya tasa gogen Turawa a gaba. Tun 1954 André Ombredane ya ga wannan matsalar ya fitar da nasa hotunan don Kwango. Da kalmomi kuwa kai za ka gina jerinka: kishiya, bashi, gado, daji, dare, ka cakuɗa su da kujera, tulu, ƙofa. Sai dai a kula da harshe. A Marwa mutum ɗaya na cinikin kasuwa da Fulatanci, karatu da Faransanci, faɗa da matarsa da Hausa ko Mafa ko Kanuri. Wani bincike da aka wallafa a 2003 a kan Turkawa mazauna Boston ya nuna cewa zagi da tsawar iyaye sun fi motsa fata idan an faɗe su da harshen uwa. A yi gwajin da harshen da aka yi wa mutum faɗa da shi yana yaro.

Sauran hanyoyin ba sai na daɗe a kansu ba. Ƙwayar ido na buɗewa idan rai ya motsa, amma haske ya fi komai juya ta, katunan kuma haskensu ba ɗaya ba ne. Sinadarin kotizol, wanda jiki ke ƙara fitarwa idan an shiga damuwa, da ake aunawa a yawu, sai bayan minti ashirin zuwa talatin yake kai ƙololuwa, yana son firji mai daskarewa da ɗakin awo, ga mu da ɗauke wuta. Ɗamarar numfashi ita kaɗai ba ta isa ba, amfaninta shi ne ta nuna maka tsallen da dogon numfashi ya jawo don ka cire shi.

Akwai zaɓi na uku da ɗalibai ke rainawa don ba a manna wa mutum komai a jiki: agogo da na'urar ɗaukar murya. Jung kansa da agogon awon lokaci mai ƙirga kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya yi yawancin aikinsa. Daƙiƙa nawa mutum ya yi kafin ya amsa, ya maimaita kalmar, ya yi dariya, ya ce bai ji ba, ya manta amsarsa da aka sake tambayarsa: duk wannan wayar da ke aljihunka za ta ɗauka. Sai ka ba mutum biyu da ba su san juna ba su saurara su ƙirga, ka ga ko sun dace. Ko ka sayi na'ura ma wannan dole ne, don layin da ba ka san daidai daƙiƙar da aka faɗi kalma a kansa ba, zane ne kawai. Ni da na rasa maɓallin sa alama, bidiyo na riƙa ɗauka wanda ya haɗa allon kwamfuta da hannun mutum a hoto guda.

Wani abu kuma da wayoyin na'ura ke jawowa. Wata baiwar Allah da ta ga ina warware wayoyi ta janye hannunta cikin hijabi ta ce, "Malam, wannan ba ita ce mai kama ƙarya ba?" Ba ta yi kuskure sosai ba, don na'urar da John Larson ya haɗa wa 'yan sandan birnin Berkeley a Amurka a 1921 bugun jini da numfashi take bi, daga baya aka ƙara mata gumi. Amma babu layin da ke nuna ƙarya, kamar yadda babu wanda ke nuna kishi ko baƙin ciki. Motsi kawai yake nunawa, da lokacinsa. Ma'anarsa sai ka tambayi mai jikin. A yankin da mutane suka sha tambayoyi a shingayen bincike, wanda ya ɗauka ana tuhumarsa ne, tsoron na'urar za ka auna daga farko har ƙarshe. Na koyi in fara manna wa kaina, in bar mutum ya tsorata ni ya ga layina ya yi tsalle, mu yi dariya, sannan in juya gare shi. Ƙanwata ta so ta kai aikin sansanin Minawawo da ke kusa da Mokolo, inda 'yan gudun hijirar Najeriya ke zaune tun 2013. Na ce mata kada ta soma. Karanta wa wanda ya tsere daga hari kalmar "dare" ko "daji" da waya a yatsarsa, ba tare da likitan ƙwaƙwalwa a kusa da izinin kwamitin ɗa'a ba, tono ne ba magani.

Ga yadda zan raba. Wanda ke da ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, tambayarsa kuma ita ce wace kalma ce ke taɓa mutum, ya sayi ma'aunin gumi, ya haɗa shi da gwajin kalmomi, ya yi aikinsa da safe, a cikin yanayi ɗaya na shekara. Wanda malaminsa ya dage sai Rorschach ko TAT, ko zai riƙa yawo da kaya daga asibiti zuwa makaranta, ya ɗauki ɗamarar zuciya, ya auna minti biyar kafin gwaji, da tsawon gwajin, da minti biyar bayansa, kada kuma ya yi da'awar komai a kan kati guda. Wanda bai da ɗaki bai da kuɗi, agogo da murya sun ishe shi kundi mai kyau.

Ita dai ɗamarar ta saya, don da 'yan mata ɗalibai za ta yi aiki kuma malaminta Rorschach yake so. Ragowar kuɗin ta sayi batir na ajiya da ma'aunin zafin ɗaki, ta sa ranar farawa a watan Nuwamba.